Hannuwan Malam Haladu

Ɗan kunne ne guda ɗaya, na roba, mai ruwan goro, a yashe a gindin akwatin gilashin da ake ajiye tsofaffin takardu. Nafeesa ta hange shi tana wucewa za ta kunna na'urar sanyaya ɗaki. Ta duƙa ta ɗauka, a nan ta lura akwatin ma ya goce daga mazauninsa, don ga tabon ƙafafunsa a kan kafet, shi kuma yana gefe. Akwatin nan sai ƙarti biyu ke iya matsar da shi.

Ta kwana biyu ba ta zo aiki ba. Mahaifiyarta ce ta fita takaba, gidansu na Kurudu ya cika da dangi daga Suleja, sai ta bar wa abokiyar aikinta Felicity ajin.

Aikin Nafeesa a ɗakin karatun jami'ar shi ne koya wa ɗalibai karatun tsofaffin rubuce-rubucen ajami ba tare da sun taɓa su ba. Takardun sun ga jiya, wasu ko numfashi ka yi musu da ƙarfi sai gefensu ya marmashe. Shi ya sa aka kawo wani irin tabarau, babba, mai nauyi a goshi. In mutum ya sa, yana ganin ɗakin yadda yake, da tebur da kujeru da na kusa da shi, sai dai a ƙara masa wani abu a kai. Littafin da ke kulle a cikin gilashi, sai ya gan shi a buɗe a kan teburin gabansa, rubutun boko na fitowa a gefen kowane layi. Ga kuma hannuwa biyu, daga wuyan hannu zuwa yatsu, suna ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya suna kifewa a gefe, don littafin ba ɗinkakke ba ne, a warware yake a cikin gafaka.

Hannuwan na mahaifinta ne, Malam Haladu. Littafin gadon kakansa ne, kan taurari da lokutan shuka, ba a san wanda ya rubuta shi ba, Malam ne ya kawo wa jami'a ajiya da ya ga gara ta fara cin gefensa. Da aka zo neman wanda zai nuna yadda ake juya irin waɗannan takardu, sai aka ce ai ga mai su. Aka ɗaura masa kyamara a goshi a ƙarƙashin hula, yana ta dariya yana cewa an mai da shi maharbi mai fitila. Ba a ɗauki murya ba, don ranar janareta ke ta ruri a bayan taga. Aka ce sai wani jiƙon.

Ba a kai ga wani jiƙon ba. Wata Juma'a da hantsi aka kira Nafeesa tana aji. Ta fito aka tsuge da ruwa, wata tirela ta gitta a gangaren Kugbo, motoci suka tsaya cik har Nyanya. Ta sauka ta taka da ƙafa, ta hau acaɓa, ta sake takawa. Ta isa ƙofar gida ta tarar da maza suna dawowa daga maƙabarta, jar laka a bakin wandunansu.

Tun daga ranar ba ta ƙara sa tabaran ba. Ta haddace darasin, sai ta tsaya a gefe tana bayani, ɗalibai na kallon tebur wanda a wurinta babu komai a kansa. Kuma kullum kafin a kai rabin littafin lokacin aji ya ƙare, sai ta kashe na'urar.

Tana tsaye da ɗan kunnen a hannu Ishaya ya shigo, jakar kwamfuta a kafaɗa. Shi ne injiniyan da ya haɗa tabaran, mutumin Karu ne, shi ma ya ɗaura wa Malam kyamarar da hannunsa.

"Malama, kin dawo? Ya Mama, ya baƙi?"

"Sun watse, sun bar mana wanke-wanke. Oga Ishaya, wa ya matsar da akwatin nan?"

Ya sauke jakar a hankali. "Felicity bai kira ki ba?"

"Ba ta kira ba."

"Kai, Felicity. Kullum ni ake bar ma wahala." Ya ja kujera ya zauna. "Shekaranjiya ne. Kin san Felicity ba ya dogon bayani kamar ke, sai ya bar abin yana tafiya har ƙarshe. Wani yarinya, Perpetual, 'yar aji biyu, ita ce a gaba. Aka kai shafin ƙarshe. Sai hannun Baba ya ajiye takarda, ya juya ciki sama, haka." Ya buɗe tafukansa biyu a kan gwiwa. "Ya tsaya, ya daɗe. Daga nan ya taso."

"Ya taso ina?"

"Fuskanta. Kai tsaye. Yarinya ya yi ihu, ya yi baya, ya bugi akwati da bayansa. Saura kaɗan gilashi ya kife a kan takardu. Sauran yara kowa ya cire tabarau ya yi waje."

Nafeesa ta dubi tafukan Ishaya a buɗe. Ba sai an gaya mata ba. Tun tana ƙarama ta san Baba ba ya rufe littafi irin wannan sai ya yi wa wanda ya rubuta shi addu'a, ko da tuwo na hucewa a gabansa. In ya gama ya shafa.

"Addu'a ce," ta ce. "Shafawa ya yi."

"Na sani mana. Ni da na girma a tsakiyan Musulmi? Na gani lokacin da nake haɗa aikin, na ce abu mai kyau, a bar shi. A kan kwamfuta ba ya ban tsoro. Abin da ban yi tunani ba, kyamara a goshinsa yake. Wanda ya sa tabarau, fuskansa ne a wurin fuskan Baba." Ya sosa ƙeya. "Madam na neman ki. Ta ce da kin shigo."

Madam Prudence, shugabar sashen, mace ce mai kirki da tsare gida. Ta zo gaisuwar Malam har Kurudu da buhun ruwan leda a bayan mota. Da Nafeesa ta shiga ofishinta, ta tambayi lafiyar Mama, ta tambayi gajiyar taro, sannan ta cire gilashinta ta ajiye.

"'Yata, ba zan ɓoye miki ba. Magana ya zaga makaranta. Wai akwai fatalwa a ɗakin takardu, wai hannu na shaƙe mutum. Jiya Felicity ta zauna ita kaɗai, ko ɗalibi ɗaya bai zo ba."

"Madam, in na yi musu bayani tun kafin a fara fa? In ce a ƙarshe hannuwan za su taso, kada kowa ya ji tsoro."

"Ke ba ki gani ba ko?"

Nafeesa ta sunkuyar da kai.

"Ni na sa jiya. Na san abin da zai faru, Ishaya ya gaya mini, amma sai da na kama kujera. Jiki ba ya jin bayani. Da gilashin akwatin nan ya fashe, littafin kakanku ne zai tafi. Dole a yanke wurin kafin aji na gobe. Amma babanki ne. Ba zan ce wa Ishaya ga inda zai sa almakashi ba. Ke za ki faɗa masa."

Nafeesa ta so ta ce wani abu. Ta so ta ce a duk abin da ya rage na Baba wannan ne kaɗai ke motsi. Rigunansa an raba, takalmansa wani ƙanensa ya tafi da su Suleja, wayarsa ma an goge an ba wani. Amma ita ba gwanar magana ba ce a gaban manya. Ta ce, "To, Madam," ta fito.

Da azahar wata yarinya siririya ta leƙo ƙofar ɗakin takardun, ba ta shigo ba. Kunnenta ɗaya babu komai.

"Anti, don Allah ko an tsinci ɗan kunne?"

"Ke ce Perpetual? Shigo ki karɓa."

"In ba damuwa ki miƙo mini daga nan."

Nafeesa ta kai mata har bakin ƙofa. Yarinyar ta karɓa tana satar kallon teburin.

"Bayanki ya yi sauƙi?"

"Bayan ba komai, Anti. Wanka ne matsala. In na rufe ido zan wanke fuska sai in ga hannun nan. Yara na ɗakinmu suna ta yi mini dariya, wai tsoho ya ga budurwa yana so." Ta yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Wai da gaske hannun mutum ne? Na ɗauka na kwamfuta ne."

"Na babana ne."

Perpetual ta rufe baki da hannu. "Wayyo, Anti, yi haƙuri. Yana nan?"

"Ya rasu."

Yarinyar ta ja da baya kaɗan, ta kuma tsaya, kunya da tsoro na kokawa a fuskarta. Can ta ce a hankali, "To me yake so a wurina?"

"Ba ke yake nufa ba. Addu'a ya gama, zai shafa a fuskarsa."

"To ina fuskar?"

Perpetual ta sake ba da haƙuri ta tafi, tana ƙoƙarin maƙala ɗan kunnen tana tafiya.

Tambayar ta bi Nafeesa har cikin mota. A gangaren Kugbo aka sake tsayawa kamar kullum, masu tallan gurasa da ruwan sanyi na ratsa tsakanin motoci. Ta jingina da taga tana kallon hannuwan mutane, na direba a kan sitiyari, na matar da ke kusa da ita tana ɓare gyaɗa, na kwandasta a jikin ƙofa. Kowane hannu da mai shi a maƙale.

Ta tarar da Mama a tsakar gida tana gyaran alayyafo, sanye da atamfa mai launi, wadda idon Nafeesa bai saba da ita ba tukuna bayan watannin takaba. Ta zauna ta ja tiren gabanta tana taya ta. Da ma ba ta taɓa yi wa Mama cikakken bayanin tabaran ba, ta dai san an ɗauki Malam a hoto a wurin aiki. Yau ta faɗa mata duka, har da Perpetual.

Mama ba ta daina tsinkar ganyen ba. "Allah sarki, 'yar mutane. Ta ji ciwo?"

"A'a."

"Wato kullum in kin tafi aiki, yana can yana juya takarda."

"Hoto ne kawai, Mama."

"Na san hoto ne, ba ƙauye kika ɗauko ni ba. Ni ma ina da hotonsa a waya. Amma nawa a zaune yake, ba ya komai." Ta watsar da wani ganye da tsutsa ta ci. "Sau nawa a rana?"

"Ya danganta. Wani lokaci aji uku."

"Mutumin da yatsunsa ke ciwo in an yi sanyi. Ni nake shafa masa man zafi." Ta yi ɗan murmushi, ta girgiza kai. "An wanke shi, an kai shi, ashe kun riƙe hannuwan."

"Mama, kina ganin laifi ne?"

"Ni ba malama ba ce, malamin ya tafi. Ki tambayi zuciyarki." Ta ɗago ta dube ta. "Ke kin gan su?"

"Ban iya ba."

"Kina tsaye kina tara masa 'yan kallo, ke kin kau da kai."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ɗauki tiren ta nufi kicin, ta bar Nafeesa da ganye ɗaya a hannu. Aka kira magariba a masallacin layinsu, inda Baba ke tsayawa a sahun gaba, ta gefen taga.

Washegari ta yi sammako, duk da haka ta tarar Ishaya ya riga ta. Ya mai da akwatin gilashin mazauninsa, shi da mai gadi, ya kuma jera tabarau a kan tebur.

"Malama, na samo dabara. Jiya na zauna a kai, matata har ta ce ko kwamfuta zan aura." Ya juyo mata da fuskar kwamfutar, ta kau da ido. "Ba za mu cire addu'an ba. Hannu zai buɗe kamar yadda yake. Daidai inda zai taso, sai in tsayar da shi. Ba tsoro, ba faɗuwa, Madam ta ji daɗi, Baba na nan. Kin gani?"

Ya yi maganar da fara'ar wanda ya kawo tsaraba. Nafeesa ta ji wani sanyi a ranta, don ita ma abin ya yi mata daidai a kunne.

"Amma sai kin duba da idonki," ya ce. "Ba zan sa wa yara abin da ba ki gani ba."

Ta daɗe tana kallon tabaran. Sannan ta gyara ɗankwalinta, ta zauna a kujerar gaba, ta ɗauka ta sa.

Ɗakin na nan yadda yake. Ga Ishaya a gefe, ga akwatin, ga hasken safiya a jikin labule. Sai teburin ya cika da takardu masu ruwan ƙasa, rubutu baƙi da ja. Daga nan suka shigo ta ƙasa, ta inda nata hannuwan suke.

Ta manta da zoben azurfar da ke ƙaramin yatsansa. Ta manta da farcen babban yatsan da ƙofar mota ta taɓa datsewa, ya fito a karkace. Jijiyoyin bayan hannun sun taso kamar saiwa. Ya ɗaga takarda da gefen yatsa, ba ya tsunkule ta, ya tallafe ta da ɗaya hannun kamar mai karɓar jariri, ya kife. Kafin ya ɗauki ta gaba sai ya ɗan buga tebur da yatsa sau biyu. Haka yake yi a gefen faranti in yana jiran miya.

"In kai ki ƙarshe?" Muryar Ishaya ta zo kamar daga wani ɗaki.

Ta gyaɗa kai.

Shafin ƙarshe gajere ne, rubutun na tsukewa yana gangarowa ƙasa. Boko ya fito a gefe, amma ba ta bukace shi ba. Mai rubutun ya ce ya gama da yammacin wata Laraba, idonsa ya yi rauni, a yafe masa kurakurai. Ya ce duk wanda littafin nan ya faɗa hannunsa, don Allah ya roƙa masa gafara, shi da iyayensa. Inda ya sa sunansa gara ta cinye, sai rami.

Hannuwan suka ajiye takardar. Suka juyo, tafuka sama, suka haɗu gefe da gefe. Suna ɗan rawa.

Sai rawar ta ɗauke. Suka ƙame.

Ta jira. Ta san ba za su taso ba, Ishaya ya faɗa mata, amma jikinta na jira, kamar yadda ake jiran amin. Suna nan a buɗe a kan tebur, babu komai a cikinsu, ba sa gaba ba sa baya. Ta ga yadda za su zauna haka a gaban kowane aji, yara na cire tabarau suna hira suna neman takalma, su kuma suna nan a shimfiɗe, har wani ya kashe na'ura. Gobe a sake kunnawa, su sake buɗewa, a sake barin su.

Ta cire tabaran. Goshinta ya jiƙe.

"Yaya? Ya yi ko?"

"Bai shafa ba."

"Eh, ai shi ne dabaran."

"Oga Ishaya, mutum ya ɗaga hannu kullum, a hana shi saukewa?"

Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali. Ya dubi kwamfutar, ya dubi tafin hannunsa. "Ban kalle shi ta nan ba," ya ce. "To a yanke tun baya. Yana ajiye takardan ƙarshe, shi ke nan, hannu ya ɓace. Ba addu'a gaba ɗaya."

Ta yi tunanin wannan ma a mota jiya. Mai rubutu ya roƙa, Baba ya karanta roƙon, ya ajiye ya tafi abinsa. Abin da bai taɓa yi ba yana raye, su sa shi yi sau uku a rana a gaban baƙi.

"A'a."

"To Malama, hanya ya ƙare. Madam ba za ta yarda da cikakken ba, kuma gaskiyanta ne."

"Na sani." Ta murza zanen da tabaran ya bar mata a goshi. "Kafin ka ɗauki Baba, yaya takardun suke juyawa?"

"Da kansu. Kamar iska na ɗaga su. Ba kyau sosai, shi ya sa muka nemi hannu."

"Kana da wancan har yanzu?"

Ya dube ta sosai. "Kina nufin in cire shi duka?"

"Duka."

"Ki yi tunani fa. Yara suna son hannun nan. Akwai wanda ya ce mini saboda shi ya fara zuwa. Ke ma…" Bai ƙarasa ba.

Ita ma. Yanzu da ta gan su, ta san za ta iya zuwa kullum kafin kowa, ta zauna a kujerar nan, ta kalli farcen nan mai karkata har ta tsufa. Son hakan ya cika mata rai. Shi ya fi ba ta tsoro.

"Ya gaji," ta ce. "A bar shi."

Ishaya ya ja numfashi. "Abu ɗaya. Na asali ba zan iya gogewa ba, dokan aiki ne. Yana cikin ma'ajiyan jami'a, a ɗakin sanyi na ƙasa. Ba mai buɗewa. Zai kwanta ne kawai a wurin."

"Kwanciyar ake so."

Ya gyaɗa kai. Ya fara taɓa kwamfutar, ya tsaya. "Ranan da muka ɗauka, da ya buɗe hannun nan, na ga bakinsa na motsi. Janareta bai bar ni na ji ba. Da na sani da na kashe shi, ko wuta ya tafi."

"Ba komai." Ta ɗauki tabaran. "Sa mini cikakken, sau ɗaya. In ya ƙare ka canza, kada ka tambaye ni."

"Ki riƙe kujera."

Ba ta riƙe ba. Shafin ƙarshe ya dawo, da raminsa a wurin suna. Hannuwan suka ajiye shi, suka juyo. Nafeesa ta ɗaga nata ta sa a cikinsu. Nata ƙanana ne, sun ɓace a ciki, sai bakin lallenta ke leƙowa ta tsakanin yatsunsa.

Ta karanta Fatiha. Ta roƙa wa mai rubutun gafara, wanda ba ta san sunansa ba, shi da iyayensa. Ta roƙa wa Baba abin da ta so roƙa masa a kansa ranar da ruwa ya tsare ta a hanya. Ta roƙa wa Mama. Ta sa har da Perpetual, Allah ya ba ta barci. Kalmominta suka ƙare.

Nasa ba su ƙare ba. Hannuwan na nan a buɗe suna 'yar rawarsu, babban yatsa na motsi kaɗan kamar mai lissafa mutane. Wa da wa yake ambata? Ta kasa kunne kamar za ta ji, ba komai sai hucin na'urar sanyaya ɗaki. Ta bar nata a cikin nasa, kafaɗunta suka fara tsami, ta ci gaba da jira.

Sannan suka taso.

Sun fi yadda ta zata sauri. Zanen tafin ya cika mata ido, har da wani tsohon tabon tawada a gindin yatsa. Duk jikinta ya ce ta ja baya. Ta tsaya. Nata hannuwan suka biyo nasa, suka ci karo da gilashin tabaran, mai sanyi, suka gangara ta kumatunta zuwa haɓa. Ɗakin ya yi duhu na ɗan lokaci, ya kuma washe.

Teburin ba komai.

Ta zauna a haka, hannuwanta a kan cinya. Ta ji ƙarar maɓallin kwamfuta sau ɗaya. Takardun suka dawo daga shafin farko, a jere, ba kowa a kansu. Ta sama ta ɗaga kanta, ta yi ɗan jim a iska, ta kife a gefe. Ta biyu ta bi ta.

Ta cikin tabaran take ganin Ishaya. Ya rufe kwamfutar a hankali, ya zura ta a jaka, bai ja zif ɗin ba don kada ya yi ƙara. Ya zagaya ta bayan kujerarta a kan yatsun ƙafa. A bakin ƙofa ya ɗan tsaya, hannunsa a kan mariƙi, kamar zai juyo. Sai ya fita, ya jawo ƙofar har ta rufu.